Mota Ta Ƙi Tashi Bayan An Canza Tayimin Bel: Yadda Ake Gano Matsalar Da Taimakon Wayar Hannu

Abu ne da ake yawan gani a garejin da ke kewayen Ƙofar Ruwa da sauran unguwannin cikin birnin Kano. Matashi ya kawo motar gidansu da safe tana tafiya lafiya lau, an ce masa bel ɗin tayimin ya tsufa, ya shiga kasuwa ya sayo sabo. Bakanike ya kwance, ya ɗaura, ya mayar da murfi. Wajen la'asar aka ce a murza makulli. Kik ya juya, inji ya juya, amma mota ta ce ba ta san zancen ba. Nan da nan sai shawarwari su fara zuwa daga kowane ɓangare: wannan ya ce batir ne, wancan ya ce a tura ta, wani kuma ya ce birenbos ne ya ƙone.

A irin wannan lokaci ne ake yin asara mafi girma. Matsalar da za a iya gyarawa da mayar da soket guda ɗaya takan koma ta sauke tof silinda, saboda kawai an ci gaba da murza makulli ba tare da an san abin da ke faruwa a cikin inji ba. Wayar da ke aljihun mai motar za ta iya rage wannan lalube sosai, matuƙar an bi abin daki-daki.

Mene ne aikin tayimin bel?

A cikin inji akwai sanduna biyu masu juyawa. Ta ƙasa ita ce kiranshaf, wadda fistan ke hawa da sauka a kanta. Ta sama ita ce kamshaf, wadda ke buɗe bawul da rufe su, domin iska da fetur su shiga, hayaƙi kuma ya fita. Tayimin bel roba ce mai haƙora da ke haɗa waɗannan sanduna biyu. Duk lokacin da kiranshaf ya yi juyi biyu, kamshaf juyi ɗaya yake yi, kuma dole ne kowane bawul ya buɗe a daidai lokacinsa.

Haƙori ɗaya a nan ba ƙaramin abu ba ne. Idan a misali fulin kamshaf yana da haƙora 40, to kowane haƙori digiri 9 ne na juyin kamshaf, wato digiri 18 na juyin kiranshaf. Idan bel ya kauce da haƙori ɗaya, galibi mota za ta tashi, amma za ta riƙa rawa, ba ta da ƙarfi, tana shan mai. Idan ya kauce da haƙora da yawa, ba za ta tashi ba sam.

Dokar farko: a daina murza makulli, kuma kada a tura ta

Injuna iri biyu ne ta wannan fuska. A wasu, ko da bawul ya buɗe gaba ɗaya, fistan ba ya kaiwa gare shi. A wasu kuwa, wuri ɗaya bawul da fistan ke amfani da shi, sai dai kowa da lokacinsa. A irin wannan inji na biyu, idan tayimin ya kauce sosai, fistan zai taso ya tarar da bawul a buɗe, ya doke shi, ya lanƙwasa shi.

Daga cikin motocin da suka yawaita a titunan Kano, Honda Accord ta 1998 zuwa 2002 da Peugeot 406 mai bawul 16 suna cikin rukunin da fistan ke iya dukan bawul. Haka kusan duk injin dizal. Toyota Camry ta 1997 zuwa 2001 mai silinda huɗu, mai inji 5S-FE, tana cikin rukunin da ba ya duka. Wasu kuma ba su da bel ɗin ma kwata-kwata, sarƙa ce a cikinsu, kamar Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1ZZ-FE, da Camry mai inji 2AZ-FE, da Accord mai silinda huɗu daga 2003. Lambar inji tana jikin injin, wani lokaci kuma a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. Minti biyu na bincike a intanet da wannan lamba ya isa a san rukunin da injin yake.

Tura mota ya fi murza makulli haɗari. Kik yana da iyakar ƙarfinsa, amma idan majiya ƙarfi huɗu suka tura mota a gangara aka saki kuloci a giya ta biyu, nauyin motar gaba ɗaya ne ke juya inji. Duk abin da ya tare fistan a lokacin sai ya lanƙwashe.

Tambayar da ke raba gardama: da ƙafarta ta zo?

Kafin a ɗora wa kowa laifi, akwai tambaya ɗaya. Shin motar ta zo gareji da kanta ne aka canza bel don rigakafi, ko kuwa tsohon bel ɗin ne ya tsinke tana cikin tafiya aka jawo ta?

Idan tsinkewa ya yi a kan hanya, kuma injin na cikin rukunin da fistan ke dukan bawul, to da alama bawul sun lanƙwashe tun kafin bakanike ya taɓa sifana. Sabon bel ba zai miƙe su ba. Idan kuwa da ƙafarta ta zo, to matsalar tana cikin abin da aka taɓa yau: ko dai tayimin bai hau daidai ba, ko an bar wani soket a cire, ko an ji wa wata sensa ciwo. Ba a cika samun birenbos ya ƙone ko famfon mai ya mutu daidai ranar da aka canza bel ba. Abin da hannu ya taɓa shi ake fara tuhuma.

Mataki na ɗaya: a tuna sautin da inji ya yi

Sautin gwajin farko yana ɗauke da bayani mai yawa. Shi ya sa yake da kyau mai mota ya kunna rikodar waya kafin a murza makulli a karon farko bayan aiki, don kada a sake murzawa saboda kawai ana son a ji.

Idan ba a ji komai ba sai ƙas-ƙas, ko fitilun dashbod suka dushe, wannan maganar batir ce ko kan batir da bai ɗauru ba, ko wayar as da aka manta ba a mayar ba. Cikakken batir yakan nuna kusan bolt 12.6 a mita idan mota na kashe.

Idan inji ya juya kaɗan ya cije, kamar an sa masa birki, to a cire hannu daga makulli nan take. Wani abu ne ke tare fistan.

Idan inji na juyawa da sauri fiye da yadda aka saba, da sauti sumul babu wannan nishin da yake yi idan yana matse iska, alama ce ta babu kwamfireshan. Ko dai tayimin ya kauce da nisa, ko bawul ba sa rufewa.

Idan yana tari ko yana harbi ta salansa ko ta wajen shigar iska, to akwai wuta akwai mai, sai dai ba a lokacinsu suke haɗuwa ba.

Idan kuwa yana juyawa yadda ya saba amma ko alamar kamawa ba ya yi, hankali ya koma kan sensa da soket.

Mataki na biyu: a bi soket ɗaya bayan ɗaya

Kafin a kai ga bel, sai an cire abubuwa da dama daga gefen inji, kuma a motoci da yawa wayoyin sensa ta nan suke bi. Sensa biyu ne suka fi muhimmanci: ta kiranshaf da ta kamshaf. Su ne ke gaya wa birenbos inda fistan yake. Idan bai ji daga sensar kiranshaf ba, ba zai ba fulogi wuta ba, ba zai buɗe nozul ba.

A Accord ta 1998 zuwa 2002 mai silinda huɗu, sensar kiranshaf tana can cikin murfin tayimin ɗin, dab da inda ake aiki. A Camry mai 5S-FE da mai silinda shida 1MZ-FE, haƙoran da sensa ke karantawa suna jikin fulin bel na ƙasa. Idan aka ɓamɓaro fulin da sukundireba aka lanƙwasa haƙori ɗaya, ko murfi ya danne waya ya yanke ta, mota ba za ta tashi ba ko da tayimin ya hau daidai.

A nan fitilar waya da kyamararta suna yin aikin da ido ba zai iya ba. A kunna bidiyo da fitila, a zura wayar a tsakanin inji da jikin mota, a zagaya a hankali, sannan a kalla a tsanake. Abin da ake nema shi ne soket da ke reto, ko wanda ya shiga rabi, ko waya da ta matse a ƙarƙashin murfi. A duba soket ɗin koyil, da wayar as, da fiyus ɗin inji. A kuma lura da fitilar makulli ko ta tsaro a dashbod. Idan tana ta ƙiftawa bayan an buɗe makulli, na'urar hana sata ce ba ta gane makullin ba, abin da kan faru da wasu motoci bayan an cire kan batir.

Mataki na uku: a tambayi motar da kanta

Tun daga 1996, duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tana da tsarin OBD-II. A Turai an wajabta irinsa ga motocin fetur daga 2001, na dizal kuma daga 2004. Tsarin yana da soket mai rami 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Wata 'yar na'ura mai suna ELM327, wadda ba ta kai girman akwatin ashana biyu ba, tana shiga wannan soket ta haɗu da waya ta Bluetooth ko Wi-Fi. Manhajoji irin su Torque da Car Scanner su ne ke nuna abin da ta karanto. Masu iPhone su kula wajen saye, don tsohon samfurin Bluetooth na wannan na'ura da Android kawai yake aiki. Mai Wi-Fi ko mai Bluetooth LE shi ne nasu.

Ba sai an tayar da inji ba. A buɗe makulli har fitilun dashbod su kama, a haɗa manhaja, a karanta lambobin matsala. Waɗanda suka shafi wannan aiki su ne:

- P0016: kiranshaf da kamshaf ba sa tafiya tare. Bayan canjin bel, wannan kusan kai tsaye yana nuna tayimin ya kauce.
- P0335: matsala a layin sensar kiranshaf. A duba soket, waya da haƙoran fuli.
- P0340: matsala a layin sensar kamshaf.
- P0341: saƙon sensar kamshaf yana zuwa amma bai yi daidai ba. Tayimin da ya kauce yakan jawo shi.
- P0300 zuwa P0304: inji na tsallake wuta, a silinda daban-daban ko a guda ɗaya.

Kada a goge lamba kafin a ɗauki hoton allon waya. Wannan hoton shi ne shaida, kuma shi za a nuna wa rewaya idan abin ya kai gare shi.

Rashin lamba ba ya nufin komai lafiya. Idan an cire kan batir lokacin aiki, tsofaffin motoci kan manta abin da suka adana, kuma da yawa daga cikinsu ba su san P0016 ba ma. Haka nan tsofaffin motocin Turai na kafin 2001, kamar Golf 3 da 406 na farko-farko, sau da yawa ba sa amsa ELM327. Su sai kayan aikin kamfaninsu, irin su VCDS na Volkswagen da Diagbox na Peugeot, waɗanda ake samu a hannun masu sikanin mota. Bayan an gama a zare na'urar daga soket, domin akwai wuta a cikinsa ko da mota na kashe, kuma za ta iya shanye batir idan ta daɗe.

Mataki na huɗu: a buɗe murfi a duba alamomi

Wannan shi ne matakin da ba a tsallakewa. Wayar hannu tana nuna inda za a duba, amma ba ta maye gurbin ido da sifana. A zare makulli, a sa giya a firi, a cire murfin sama. Zai fi sauƙi idan aka cire fulogi. Sai a ɗora sifana a kan babban ƙusar kiranshaf a juya inji da hannu, a hankali, ta ɓangaren da ya saba juyawa. Yawancin injuna dama suke juyawa kamar agogo, amma tsofaffin Honda irin Accord ta 1998 zuwa 2002 mai silinda huɗu hagu suke yi. A yi juyi biyu cikakku. Idan ya cije a wani wuri, kada a tilasta shi.

Bayan juyi biyu, alamar kiranshaf da ta kamshaf dole su dawo daidai inda kamfani ya ce. A Honda akwai kalmar UP a jikin fulin kamshaf, wadda ke kallon sama idan fistan na ɗaya ya kai ƙololuwa. A Toyota akwai 'yan tsaga da rami da ake daidaitawa da alamar da ke bayansu. Peugeot kuwa da fil take aiki: akwai ramuka da ake zura ƙarfe a kulle kamshaf da kiranshaf, kuma idan fil bai shige salin-alin ba, tayimin bai hau ba. Alamar fenti ko alli da aka yi kafin a cire tsohon bel taimako ce kawai. Alamar kamfani ita ce alƙali.

Kurakuran da aka fi yi a nan sanannu ne. Wani lokaci ana barin sako-sako a ɓangaren bel da ke ja, sai da zarar an saki ajasta kamshaf ya goce da haƙori ɗaya. Wani lokaci ajastan ne bai ɗauru ba, bel ya tsallake haƙora a murzawar farko. A injin da ke da kamshaf biyu, ɗaya kan hau ɗaya ya kauce. A Accord akwai ƙaramin bel na biyu na sandunan rage girgiza, mai alamarsa daban, wanda idan bai hau ba mota za ta tashi amma ta yi ta karkarwa. Akwai kuma fulin waje mai roba a tsakiyarsa, wanda idan ya tsufa zoben wajensa kan zame, alamar da ke jikinsa ta koma ƙarya. Sai kuma bel ɗin kansa: a ƙirga haƙoran sabo da na tsoho, a gwada faɗinsu da siffar haƙoransu. Mota iri ɗaya kan zo da injuna daban-daban, kuma motar da aka taɓa canza wa inji ba a saya mata bel da sunan da ke rubuce a but.

Mataki na biyar: sigina, wuta da mai

Sai bayan an tabbatar inji na juyawa da hannu ba cijewa, alamomi kuma sun hau, sannan a sake murza makulli. A buɗe shafin da ke nuna gudun inji a manhaja, a murza na daƙiƙa biyar. Idan lambar ta motsa zuwa wajen 200, birenbos yana jin sensar kiranshaf. Idan ta tsaya a sifili alhali inji na juyawa, saƙon ba ya isa, sai a koma kan sensa da wayarta.

Idan sigina na zuwa, a duba fulogi. Yawan murza makulli yakan jiƙa su da fetur, har mota ta ƙi tashi ko bayan an gyara ainihin matsalar. A busar da su ko a canza. A motar da ke da distiribita, a tabbatar wayoyin fulogi sun koma bisa jerinsu. A yawancin injuna masu silinda huɗu jerin shi ne 1-3-4-2. A kuma saurari famfon mai: yakan yi 'yar ƙara ta daƙiƙa biyu daga wajen tanki da zarar an buɗe makulli. Duk wannan a yi shi nesa da sigari da tartsatsi, don ana aiki ne da fetur a buɗe.

Mataki na shida: gwajin kwamfireshan

Idan komai ya yi daidai amma inji na juyawa fayau, saura gwaji ɗaya. Ana ɗaura geji a ramin fulogi, a juya inji, a rubuta abin da kowace silinda ta nuna. A lafiyayyen inji lambobin kan yi kusa da juna, bambancinsu ba ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Silindar da ta nuna sifili ko kusa da haka, bayan an tabbatar da tayimin, tana nuna bawul ya lanƙwashe. A nan ne kawai maganar sauke tof silinda ke da hujja. Duk wanda ya ce a sauke shi kafin a yi wannan gwaji, hasashe yake yi da kuɗin wani.

Kafin a fara aikin tun farko

Zafin Kano a watannin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga cunkoson wajen Ƙofar Mata da Kantin Kwari, inda inji ke aiki mota na tsaye, mita kuma ba ta ƙirgawa. Duk waɗannan suna tsofar da roba. Littafin Honda na Accord ta wancan zamani ya ce a canza bel a mil 105,000 ko shekara 7, amma ya rage zuwa mil 60,000 ga motar da ke yawan aiki a zafin da ya wuce digiri 43. Motocin Amurka da mil suke ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Motar da aka saya ta hannu ba tare da takardar gyare-gyarenta ba, gara a ɗauka bel ɗinta bai taɓa canzuwa ba.

Ranar aikin, mai mota ya ɗauki hoton lambar inji kafin ya shiga kasuwa. Ya ɗauki hoton kowane soket kafin a cire, da hoton alamomi kafin a zare tsohon bel. Ya sayi ajasta da fulin da bel ke bi a kansu tare da bel ɗin, haka ma famfon ruwa idan bel ɗin ne ke juya shi, domin tsohon ajasta yana iya kashe sabon bel. Araha ba ta ado a wannan wuri. Kada a jefar da tsohon bel sai mota ta tashi.

Sannan a yi magana da bakanike tun kafin a kwance ƙusa ɗaya: za a juya inji da hannu sau biyu, a duba alamomi tare, kafin kowa ya taɓa makulli. Ƙwararren bakanike ba zai ji haushin wannan ba, don shi ma kariya ce gare shi. Idan daga baya wani abu ya taso, hotuna da lambobin da ke cikin waya su ne za su nuna ko matsalar ta zo da motar ne ko a gareji ta same ta, a rabu lafiya ba tare da an kai ga rantse-rantse ba.